Kafin Ka Ɗaga Gaban Motarka

Tun da ruwan bana ya fara sauka, wasiƙu uku suka iso wannan fili a kan magana guda. Wadda ta fi tsawo ta fito daga wani malamin gona da ke aiki a yankin Mambila cikin Jihar Taraba. Ya ce yana da tsohuwar Pajero wadda gabanta ya durƙusa, har ƙarfen da ke kāre ƙarƙashin injin yana dukan duwatsu a hanya, kuma wani makaniki ya gaya masa aikin minti goma ne, noti biyu za a ɗaure ta miƙe tsaye kamar raƙumi. Tambayarsa ita ce, ya yarda ko kuwa ya ƙi?

To, Malam, makanikinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Sauran rabin shi ne wanda ke cin kuɗi, wani lokaci ma har da rai.

Da farko sai mu san abin da ke ɗauke da gaban motar. Jif masu ja da ƙafa huɗu da yawa ba su da sifirin mai naɗi a gaba. Abin da suke da shi wata doguwar sanda ce ta ƙarfe a kowane gefe, wadda makanikai ke kira toshan-ba, tana kwance a jikin shasi. Kanta ɗaya yana cikin hannun da ke riƙe da taya, ɗaya kan kuma yana can baya cikin wani ɗan hannu mai dogon noti. Idan taya ta hau tudu sai sandar ta murɗe, idan ta sauka sai ta warware, kamar yadda ake matse wanki. Haka Pajero ta farko da ta fito a 1982 take, da wadda ta gaje ta a 1991, sai a 1999 kamfanin Mitsubishi ya koma sifirin mai naɗi. Haka kuma Land Cruiser 100 da aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, da Isuzu Trooper, da a-kori-kurar Nissan ta da. Amma Land Cruiser 70 da Land Rover Defender ta da ba su da wannan noti sam, sai dai a sake sifirin. Hilux ɗin da ta shigo daga 2005 ita ma sifirin mai naɗi gare ta.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ɗaure notin nan ba ya ƙara wa sandar ƙarfi ko kaɗan. Juya ta kurum yake yi, ya tura taya ƙasa, jikin mota ya tashi. Ita kuwa taya tana da iyakar tazarar da za ta iya hawa da sauka, kuma akwai ɗan robar da ke tare ta a kowane ƙarshe. Duk incin da ka samu na tsawo, daga rabon saukar taya ka ciro shi. Idan aka ɗaure har hannun ya kusa zama a kan robar, to, in motar ta faɗa rami taya ba ta da sauran inda za ta bi ƙasa, sai ka ji kau! kamar an buga guduma, gaban motar ya riƙa tsalle a kan burji. Direba sai ya ce motarsa ta yi ƙarfi, alhali kuwa tayoyinsa ne ke barin ƙasa, kuma tayar da ba ta taka ƙasa ba, ba ta jin burki, ba ta jin sitiyari.

Na ga wannan da idona a wani gareji a nan Ikko. Na raka wani abokina da ya sayo tsohuwar jif, yana son ta yi kwarjini kafin ya tafi gida da ita hutun Sallah. Maigidan garejin ba ya nan, sai yaronsa ya shige ƙarƙashin motar, tana tsaye a kan gangare, nauyinta duk a kan tayoyi, ya kama ɗauri ba awo ba lissafi. Da ya gaji sai ya fito ya ja da baya ya ƙanƙance ido, ya ce, "Oga, ta yi." Ni ma ban ce uffan ba, domin a lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Kafin wata uku tayoyin gaba sababbi sun cinye ta gefe guda, robar shaf ta yage, giris ya watse, yashi ya shiga, shaf ya fara ƙas-ƙas a kowace kwana. Abin da aka kashe wajen gyara ya ninka ladan yaron ban san sau nawa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba an yi shi ne ya yi aiki kusan a miƙe. Da zarar mota ta tashi sai ya karkace, gaɓoɓinsa su riƙa wahala, robar da ta rufe su ta riƙa gogar kanta har ta tsage. Boljon da tayarod su ma haka, kuma wanda ya taɓa ganin motar da boljon ɗinta ya fita tana cikin gudu, taya ta kwanta a ƙarƙashinta, ba ya bukatar in yi masa dogon bayani. Bugu da ƙari, jif dama doguwa ce, ƙara mata tsawo yana ƙara mata saurin kifewa, balle a kwanonin hawan Mambila da kaya a bisa rufi.

Duk da haka, Malam, motarka tana bukatar aikin, domin sanda takan gaji da shekaru, mota ta sauka ƙasa da inda masu ita suka ajiye ta. Maido ta wurinta gyara ne halal. Ga yadda zan so ka tsaya a kai a yi. A sami wuri shimfiɗaɗɗe, a daidaita iskar tayoyi huɗu, a sauke kaya. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, dama da hagu, a rubuta. Sa'an nan a ɗaga motar da jak a sa mata abin tokare mai ƙarfi, don nauyi ya bar sandar, in ba haka ba zaren notin da ya shekara ashirin cikin laka yana iya cinyewa ko ya karye. A wanke zaren, a sa masa mai, a yi wa kan notin alama da alli, a riƙa ƙirga juyi. A sauke motar, a zaga da ita unguwa ta zauna daidai, a sake awo. Ba mamaki a maimaita sau biyu ko uku, kuma kada ka damu idan gefe ɗaya ya nemi juyi fiye da ɗaya, domin awo ake bi. In kana da littafin motar, tsawon da ya faɗa shi ne alƙali. In kuwa kana son ɗan ƙari saboda hanya, shawarata kada ya wuce inci ɗaya, watau milimita 25, kuma ka leƙa da kanka ka ga akwai sarari tsakanin hannun da robar nan.

Daga garejin sai wurin masu alaimen, a ranar, ba jibi ba. A duba fitilun gaba kuma, don sun tashi tare da motar, kada ka riƙa makantar da bayin Allah da dare.

Akwai inda ɗauri ba ya magani. Idan ka ɗora wa gaban mota katon ƙarfen kariya da injin janye mota daga laka, nauyi ne ya fi ƙarfin sandar, sai a nemi mai kauri. Abin mamaki, ɗan kauri kaɗan ya isa: sandar milimita 26 ta fi ta milimita 25 taurin murɗawa da kusan kashi 17 cikin 100, in tsawonsu ɗaya. Wanda zai sayo ta hannu a Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa ya duba kanta, akwai harafin R ga ta dama da L ga ta hagu. Kada a musanya su, domin kowacce an hore ta ne ta murɗe ta fuska guda, kuma wadda tsatsa ta ci ko aka taɓa da walda a bar wa mai ita kayansa.

Mai wasiƙa ta biyu, daga Gusau, ya tambaya ko ɗaga gaba zai hana motarsa zama a kan tudun tsakiyar hanya. Zai taimaka a gaba kawai. Tulun giyar baya yana nan inda yake, ba abin da ke ɗaga shi sai taya mai girma, ita kuwa tana taɓa awon gudu da shan mai. Wannan za mu duba a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da wasiƙa ta uku.