Zanen hayaƙi da ma'aunin da aka ɗora shi a kai

Tun da Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda take shafewa ba, zane-zanen alƙaluma suka yawaita a ma'aikatu. Sai dai zane yakan ruɗar ko da alƙalumansa gaskiya ne. A jimillar hayaƙi, Sin ce kan gaba. In an raba bisa yawan jama'a, Amurka ta zarce ta, ɗan Najeriya kuwa bai kai tan ɗaya a shekara ba. Mafi muni shi ne zanen makamashinmu da ke tsayawa ga lantarkin ƙasa, ya tsallake itacen girki da janareto. Ministan da aka miƙa wa irinsa zai tsara kasafi ne kan rabin labari.