Kafin Ka Zargi Batirin Wayarka, Auna Kebul Ɗin, Kuma Ka Auna Shi Daidai

Duk wanda ya zauna a shagon caji a Bagega, Anka ko Gummi ya san wannan ƙorafi: waya ta yini a jone, batir bai cika ba. Sai a ce batir ya mutu, ko solar mai shago ce ba ta da ƙarfi. Ni a ganina kebul ne ya kamata a fara tuhuma, kuma yadda yawancinmu muke gwada shi ba ya nuna gaskiya.

Kowane kebul yana da turjiya, wato yadda yake hana wuta wucewa, ana auna ta da om. Siririn kebul na caji mai lamba 28 AWG yana da kusan om 0.21 a kowace mita ɗaya ta tsawo. Wuta tana zuwa ta dawo, ya zama om 0.42. Idan waya ta ja amfiya 2, kusan bolt 0.8 ya salwanta a hanya. Caja ta bayar da bolt 5, waya ta samu 4.2, sai ta rage jan wuta da kanta. Ka ga batir bai yi laifin komai ba.

Matsalar tana wurin awo. Mai gyara zai ɗauko maltimita, ya taɓa bakin kebul nan da can, ta yi ƙara, ya ce lafiya lau. Wannan ƙarar tana nufin kebul bai tsinke ba ne kawai. Ko ya juya ta zuwa om, igiyoyin mitar su kansu suna da turjiya, sau da yawa om 0.2 zuwa 0.5, ga tsatsa da datti a bakin tsinken. Abin awon ya fi abin da ake aunawa nauyi. Mai sayen zinare a yankinmu ba zai taɓa yarda da sikelin da bai fara daga sifili ba. Me zai sa mu yarda da irinsa a kan wuta?

Gyara mafi sauƙi shi ne ka haɗa tsinkayen mitar biyu, ka rubuta abin da ta nuna, ka cire shi daga sakamakon. Wasu mitoci suna da maɓallin REL da ke yin haka. Amma wannan rage zafi ne kawai, domin ƙananan mitoci ba sa nuna abin da bai kai om 0.1 ba.

Hanyar da ta fi ita ce awon igiya huɗu, wadda ake danganta wa William Thomson na Jami'ar Glasgow, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, tun 1861. Igiya biyu su tura wuta, wasu biyu daban su auna bolt. Da yake wutar da ke bi ta igiyoyin awon bolt ƙalilan ce ƙwarai, turjiyarsu ba ta shiga lissafi. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ka samo batirin bolt 12, da kwan siginar mota mai wat 21, da mita biyu. Jera batir, kwan, mita ta farko a kan amfiya, da kebul ɗin, duk a layi ɗaya. Sai ka sa mita ta biyu a kan milibolt, ka taɓa ƙarfen kebul ɗin kansa a ƙarshensa biyu, ba kan maƙalan da suka kawo wuta ba. Raba bolt da amfiya, ka samu om. Da batir kaɗai ake wannan, kada ka kusanci wutar NEPA ko ta janareto.

Ga amfaninsa ga mai shagon sola. Kebul ɗin jan ƙarfe mai kauri 2.5, mita 20 zuwa da dawowa, ya kamata ya ba ka kusan om 0.14. Idan alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, zai haura 0.2. A ido duk ja ne, ƙaramar mita ma da ƙyar ta bambance su. Amma a amfiya 10, na farko ya ci bolt 1.4, na biyu ya ci sama da 2, duk ya koma zafi. Ka tuna kuma turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, kuma alƙaluman kamfanoni na digiri 20 ne. A zafin Afrilu na digiri 40, ka ba kebul uzurin kashi 8 kafin ka kira shi jabu.

Na USB kuwa, ƙaramar na'urar gwajin USB ta isa: duba bolt a bakin caja, ka sake dubawa a ƙarshen kebul da kaya iri ɗaya, ka raba bambancin da amfiya. Sai dai a sani, om 75 da aka rubuta a kebul ɗin dish wani abu ne daban, imfidans na sigina ne, maltimita ba za ta nuna maka shi ba.

Wani zai ce wannan wahala ce a kan kebul mai araha. A 2016 wani kebul ɗin USB-C marar inganci ya lalata kwamfutar Benson Leung, injiniyan Google da ke gwada irinsu, kuma a shekarar Amazon ta hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Hukumar SON tana kama jabun kebul, amma ba za ta zauna a kowace kasuwar ƙauye ba. Shi ya sa nake ganin duk mai sayar da kebul ko haɗa sola ya kamata ya auna a gaban mai saye, mu kuma masu saye mu riƙa cewa a auna mana. Kuɗin mita biyu bai kai na waya ɗaya da za a yar ba gaira ba dalili ba.