Martani: farin murhu ba ya rage cin gawayi

Wani marubuci ya shawarci matan Suleja da tsadar gas ta mayar kan gawayi su zaɓi murhu mai farin fenti. Hujjarsa, ya fi ƙawata ɗakin girki, kuma datti ba ya ɓuya a jikinsa.

Malam, murhun da ake hurawa safe da yamma, kwana nawa farinsa zai yi? Toka da ɗigon manja za su rine shi, fentin arha kuwa da ya sha wuta sai ya ɓare.

Abin dubawa yana ciki. An shafe shi da yumɓu mai riƙe zafi? Ƙarfen na da kauri? Akwai ƙofar iska ta rage wuta idan miya ta tafasa? Waɗannan ke sa buhun gawayi ya yi auki. Abin takaici ne a garin da Ladi Kwali ta yi suna da yumɓu a ce fenti ake tallata mana.

Maganar ado ma haɗari ce, don tana sa a hura murhun a cikin ɗaki. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, tana kisa a rufaffen ɗaki.

Uwargida, in kin shiga Kasuwar IBB, ɗaga murhun ki ji nauyinsa, ki leƙa cikinsa, kuma ki yi girki inda iska ke ratsawa.