Barcin Maƙwabcinka Ba Naka Ba Ne

Ya kai mai karatu, in a Ɗan Issa kake zaune, ka san garin nan ba ya kwana da wuri. Hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina ta ratsa mu, motoci da 'yan kabu-kabu suna kai da kawowa. Wannan ƙarar neman abinci ce, mun yarda da ita. Wadda ba mu yarda da ita ba ita ce ta bayan danga: janareton da aka girke jikin katangar wani, da injin niƙan da ake tayarwa tun kafin asuba, da lasifikar biki ko ta fadar samari mai kaiwa ƙarfe 2 na dare.

In mutum ya yi kuka, sai a ce masa, "Yi haƙuri, zaman tare ne." To, don me kullum wanda aka hana wa barci ake ba haƙuri? Mai kiɗan fa, shi ba ya cikin zaman taren?

Ka sani kunne ba shi da murfi kamar ido. Kana barci yana aiki. In ƙara ta doke shi, sai jiki ya ɗauka haɗari ne, zuciya ta yi ta bugawa, jini ya hau. In abin ya daɗe, ko an yi shiru mutum ba ya runtsawa, yana kwance yana jiran a soma. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma baƙin hali ba ne. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙarar ɗakin kwana ta wuce awo 30 na desibel. Hira ta yau da kullum ma ta kai wajen 60, balle lasifika.

Ga wani abu kuma. Tun 2019 ƙasar Madarunfa ta sha fama da 'yan bindiga, mutane da yawa sun baro ƙauyukansu cikin dare. Wanda ya taɓa gudu da goyo, in salansar babur ta yi tartsatsi tsakar dare, me kake tsammani zai ji? Yaron da ya murɗa babur wasa yake yi, ita kuwa baiwar Allah sai ta kwana zaune.

Mai janareto zai ce gidansa ne, kuɗinsa ne. Gaskiya ne. Amma ƙarar ba ta tsaya a gidansa ba, musamman da bazara da kowa ke shimfiɗa a tsakar gida.

In kai ake damu, kada ka fita da dare cikin fushi. Bari gari ya waye, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, don Allah a rage daga ƙarfe 10, tsohuwa ba ta da lafiya." In ya ƙi, ga mai unguwa, ga liman, ga magajin gari. Kafin nan ka toshe kunne da auduga mai tsabta, ka rage shayi da goro da yamma. In faɗuwar gaba ta ƙi barinka, tafi likita, kada ka sayi ƙwayar barci a tire.

In kuwa kai ne mai ƙarar, yau da dare ka tayar da injinka, ka zaga bayan dangar maƙwabcinka ka tsaya minti 5. Abin da kunnenka ya ji, shi yake kwana da shi.