Kalmar "Zafi" da Nauyin da Kimiyya ke Ɗora Mata

Duk mai sauraren hasashen yanayi a gidajen rediyon Hausa ya saba jin an ce zafi ya kai digiri 42 a ma'aunin salshiyos. Jumlar ba ta da aibu a nahawu, mai sauraro kuma yana gane abin da ake nufi. Amma da zarar an kai ta ajin kimiyya sai ta zama tarko, domin abin da ake aunawa da digiri daban yake da abin da masana fiziks ke kira zafi. Hausar yau da kullum ta tara su a kalma ɗaya, ta kuma ƙara musu zafin ciwo da zafin rai da zafin nama. Muddin ba a ƙayyade kowace ma'ana da bayani ba, jerin keɓaɓɓun kalmomi, komai tsawonsa, ba zai koya wa ɗalibi wannan fanni ba. Aikin kuwa ya rataya a wuyan masana Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan masana fiziks.

Maƙera ta isa misali. Tartsatsin da ke tashi idan maƙeri yana dukan jan ƙarfe yakan kusanci digiri 1,000, amma sau da yawa yakan sauka a fatar mutum ya mutu ba tare da ya bar tabo ba. Kofin ruwan da bai wuce digiri 100 ba kuwa, idan ya zube a hannu sai ya saɓule fata. Tartsatsi ya fi ruwan hawa a ma'auni nesa ba kusa ba, sai dai ƙanƙantarsa ta sa makamashin da zai iya zuba wa fata kaɗan ne. Ke nan tambayar "wanne ya fi zafi?" tana da amsa biyu masu karo da juna, kuma dukkansu daidai ne a Hausa. A fiziks, zafi shi ne makamashin da ke ƙaura daga wani abu zuwa wani saboda bambancin matsayinsu a ma'auni, ana kuma ƙidaya shi da jul. Matsayin da ake aunawa da digiri yana buƙatar sunansa na kansa. "Darajar zafi" ta dace da shi, tana kuma da dangi a Larabci, yayin da "ma'aunin zafi" zai tsaya a kan na'urar awon kaɗai.

Akwai masu ganin cewa wannan ruɗani shaida ce ta gazawar Hausa, don haka a ari kalmomin Ingilishi a huta. Tarihin fannin bai goyi bayansu ba. Turawa ma sun daɗe suna cakuɗa ma'anonin biyu, har sai da Joseph Black, malami a Jami'ar Glasgow ta Sikotland, ya raba su a wajajen 1760. Ya lura cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa yayin narkewa ba tare da darajarta ta motsa ba, har adadin da zai iya ɗaga ruwa mai nauyinta da kusan digiri 80. Ya kuma gano cewa abubuwa masu nauyi ɗaya ba sa buƙatar zafi iri ɗaya kafin su hau digiri guda. Duk da haka masana sun ci gaba da ɗaukar zafi a matsayin wani ruwa marar nauyi da ke kwarara cikin abubuwa, har Lavoisier ya sanya shi cikin jerin sinadarai na asali a 1789. A 1798 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya nuna cewa gogayyar huda bakin igwa a Munich tana haifar da zafin da ba ya ƙarewa, har ta tafasa ruwa ba tare da wuta ba. Sai a shekarun 1840 James Joule na Ingila ya auna yawan aikin da ke daidai da wani adadi na zafi, a 1850 kuma Rudolf Clausius na Jamus ya tsara ƙa'idar cewa zafi ba ya ƙaura da kansa daga abu mai sanyi zuwa wanda ya fi shi ɗumi. Kusan shekara casa'in ke nan ana gyaran ma'anar kalmomin da tun asali na kasuwa da kicin ne. Har yau wasu sunayen da Ingilishi ke amfani da su suna ɗauke da burbushin tsohon kuskuren, domin suna siffanta abu kamar mazubin da ake cika wa zafi.

Hausa tana da damar kauce wa wannan gado. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar jul kusan 4,186 kafin ya hau digiri guda, na alminiyam kusan 900, na baƙin ƙarfe kusan 450. Wato ruwa ya ninka ƙarfe sau tara da ɗoriya, shi ya sa tukunyar da babu komai a ciki take gagarar taɓawa cikin ɗan lokaci, mai ruwa kuwa sai an jira. Bahaushe yana cewa mota tana cin mai, aiki yana cin kuɗi. A kan wannan tsari, "cin zafi" zai iya zama sunan adadin da kilo ɗaya ke buƙata don hawa digiri ɗaya, kuma ya fi "riƙon zafi" aminci, domin riƙo yana mayar da ɗalibi ga tunanin mazubi. Abin da Black ya gano game da narkewa da tafasa kuma, "ɓoyayyen zafi" ya wadatar da shi. Ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 30 zuwa 100 yana cin jul kusan 293,000, amma mayar da shi tururi gaba ɗaya yana cin kusan 2,260,000, fiye da ninki bakwai, alhali ma'auni yana tsaye a 100.

Wannan lissafi shi ne sirrin randa. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu ya bi iska, kowane ɗigo kuma yana tafiya da ɓoyayyen zafinsa. Idan kofi ɗaya, kimanin giram 200, ya ƙafe daga randa mai lita 20, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauke ragowar ruwan da kusan digiri 6, in ba don wanda ke shigowa daga waje ba. Dalilin ke nan da ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da rani, lokacin da iska ke bushe, fiye da tsakiyar damina. A kan wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, abin da ya ci masa kyautar Rolex a 2000. Ɗalibin da ya tashi yana shan ruwan randa ya riga ya mallaki gwajin, saura kalmar da za ta ba shi damar lissafa shi.

Kalmar "sanyi" ta fi "zafi" wuyar sha'ani. Hausa tana cewa sanyi ya shiga ɗaki, sanyi ya kama mutum, kamar wani baƙo mai ƙafa. A fiziks zafi ne kawai ke tafiya. Da asubar hunturu ƙofar ƙarfe da ta katako darajarsu ɗaya, amma ƙarfen ya fi zuƙe zafin tafin hannu da sauri, sai a ce ya fi sanyi. Haka ake cewa bargo yana da ɗumi, alhali mai sayar da ƙanƙara yana lulluɓe hajarsa da buhuna don kada ta narke. Bargo da buhu aikinsu ɗaya, wato rage saurin ƙaurar zafi, ko daga jiki zuwa waje ko daga waje zuwa ƙanƙara. Hanyoyin ƙaurar ma uku ne: ratsawa ta cikin abu kamar yadda mariƙin cokali ke ɗaukar zafi, jigila ta iska ko ruwa mai motsi, da haskowa wadda ba ta buƙatar komai a tsakani, kamar ta rana. Kalmar "huci" ta haɗa biyun ƙarshe, don haka ita ma sai an yanke mata iyaka. Wanda ya rarrabe waɗannan zai iya bayyana dalilin da ya sa ɗakin soro mai kaurin bango ke jinkirta zafin azahar har dare, yayin da rufin kwano ke sako shi nan take.

Ba wanda ke neman a gyara wa jama'a bakinsu. Mai cewa sanyi ya kama shi bai yi kuskure ba, kamar yadda mai cewa rana ta faɗi bai yi ba. Abin da ake nema shi ne irin aikin da masana Hausa suka riga suka yi wa fanninsu. "Suna" da "sifa" kalmomi ne na kowa, amma a darasin nahawu an ƙuntata ma'anarsu har suka zama kayan aiki, kuma ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya taimaka wajen daidaita irinsu a tsakanin jami'o'i. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne an yi ta koyarwa da rubutu da jarrabawa da su, kowace da ma'anarta tsayayya.

Aron kalma kai-tsaye yana da wata illar. Nijeriya za ta aro daga Ingilishi, Nijar daga Faransanci, sai harshe ɗaya ya wayi gari da fiziks biyu, a daidai lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Sunayen ma'aunai kamar jul da digiri da kilo na duniya ne, a are su. Ma'anoni kuwa gara a gina su daga cikin gida.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna, irin ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, su zauna da malaman fiziks na ɓangarorin iyakar biyu. Kowace kalmar da za a amince da ita ta zo da ma'ana a jumlar Hausa, da ma'aunin da ake ƙidaya ta da shi, da misali mai lissafi, da gargaɗi kan ma'anar yau da kullum da za a iya ruɗa ta da ita. Sannan a gwada ta a aji kafin a buga. Zakaran gwajin mai sauƙi ne: a tambayi ɗalibi tsakanin tartsatsi da kofin tafasasshen ruwa wanne ya fi zafi. Idan ya nemi a fayyace masa ko darajar ake nufi ko yawan jul, kalmomin sun yi aikinsu.