Wariya Har Cikin Kabari

Jama'a, a birnin Richmond na Jihar Virginia, Amurka, akwai tsofaffin maƙabartun baƙar fata, Evergreen da East End, waɗanda aka bari daji ya cinye. A Evergreen aka binne Maggie Walker, matar da ta kafa banki a 1903. Daga 2013 'yan sa kai suka shiga East End suna sarar daji, suna tono duwatsun kaburbura. Madalla da su, amma kada yabon aikin gayya ya wanke gwamnatin jihar. Shekara da shekaru tana kashe kuɗin jama'a wajen gyaran kaburburan sojojin Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kada a 'yanta bayi. Haba! Sai a 2017 ta tuna da jikokin bayin, ta yanka wa kowane kabari dala 5.