Wasiƙa a Buɗe ga Masu Sayar da Kwanuka a Kasuwar Azare

Kwanon da ake cewa mai fenti ba fenti ne a jikinsa ba. Garin gilashi ne ake shafa wa ƙarfe, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 800 har ya narke ya kama jiki. Haka ake yin langa da samira da fanteka da kwalla. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware na Ikeja don wannan aiki.

Kwanuka masu ɗigo-ɗigo ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙi ko shuɗi mai duhu da fararen ɗigo kamar jikin zabuwa. Galibi shafi ɗaya gare shi, gashi ɗaya, shi ya sa ya fi jure murhu. Tukunyar miya ke nan. Akwai kuma mai farin jiki da aka yayyafa wa launi, ko mai roɗi-roɗi. Wannan shafi biyu ne ko fiye, ya fi sheƙi, amma da ya faɗi ƙasa sai ya ɓantare, tsatsa ta shiga ta wurin. Gurbinsa jeren amarya da kai tuwo zaure. Wajibi ne mai kaya ya tambayi mai saye: "Hajiya, na girki ne ko na jere?" Sayar da na jere a matsayin tukunya zalunci ne, musamman ga uwar da ta shekara tana zubin adashe don kayan ɗakin 'yarta.

Kaurin ƙarfe ya fi launi muhimmanci. A ɗaga a ji nauyi, domin mara kauri yana lotsewa, yana kuma ƙona abinci. A bi leɓen kwano da gindin hannu da yatsa, nan ɓantara take farawa. Mayen ƙarfe yana kama na gaske, ba ya kama alminiyon da aka yi wa fenti.

Tsamiya da tumatir ba sa cin lafiyayyen shafi. Soson ƙarfe ne yake kashe shi, da ɗora kwanon kan wuta babu komai ciki, da zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. Tsofaffin kwanuka masu ja ko rawaya a ciki kuwa a bar su a kabad, saboda wasu launukan dā suna ɗauke da dalma.